Tayar motata tana sacewa a hankali, an duba sau biyu ba a ga ƙusa ba

Malamin firamare, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota game da wata matsala da ta shafe kusan wata biyu tana damuna. Ina da tsohuwar Corolla wadda na saya a hannun wani, kuma da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta, sannan duk ƙarshen wata nakan je Tambuwal in gaida mahaifiyata. Tayar baya ta hannun dama ce take sacewa, amma ba sacewar farat ɗaya ba. Idan na sa aka buga mata iska ranar Asabar har geji ya nuna 32, to zuwa Laraba ko Alhamis zan tarar ta sauka zuwa 24 ko ƙasa da haka, alhali sauran ukun suna nan yadda aka bar su.

Na kai ta wurin mai faci har sau biyu. A karo na farko ya zagaya tayar da ido da tafin hannu tana jikin mota, ya tofa yawu a bakin bawul, ya ce bai ga komai ba, ya ƙara iska na tafi. A karo na biyu wani daban na kai wa, shi kuma ya ɗaga motar da jak, ya riƙa juya tayar yana watsa mata ruwa da buta, shi ma bai ga ƙusa ba bai ga kumfa ba, sai ya ce mini wataƙila zafin gari ne yake shanye iskar, ya kuma ba ni shawarar in sa mata tif a ciki in huta. Ban yarda da zancen zafi ba, domin da zafi ne da tayoyin huɗu duka za su riƙa sauka tare, tunda rana ɗaya take dukansu.

Abin da na koma yi shi ne tsayawa wurin mai faci duk bayan kwana uku ko huɗu ana ƙara iska. Kuɗin ba shi da yawa, amma hankalina bai kwanta ba, musamman da yake makon jiya na manta ban duba ba, sai da na dawo daga Kasuwar Daji da buhun gero biyu a but wani mai babur ya matso kusa da ni yana nuna mini tayar da hannu. Da na tsaya na taɓa gefenta, sai na ji ta ɗauki zafi fiye da 'yar uwarta ta hagu.

Tambayoyina uku ne. Ta yaya ake gano inda iska ke fita idan ba a ga ƙusa ba? Shin sa tif a cikin tayar da aka yi ta ba ta da tif abu ne mai kyau? Kuma zan iya kama hanyar Tambuwal da iyali a haka idan na cika ta kafin in tashi, ko kuwa in haƙura sai an gyara? Allah ya saka da alheri.

Tsohon direban tasha, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam. Malam, zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce mai rai a ciki. Kada ka ɗauki iyali ka kama hanyar Tambuwal da wannan taya sai an gano ciwonta. Na yi shekaru masu yawa ina jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Jega da Birnin Kebbi, kuma abin da na gani da idona shi ne tayar da ke fashewa a kan gudu, galibi ba wadda aka cika wa iska ba ce, wadda iskarta ta yi ƙasa ce. Dalili kuwa, idan iska ta ragu, gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar yadda mutum zai riƙa lanƙwasa waya da hannu har ta yi zafi ta karye. Wannan zafin da ka ji da ka taɓa gefenta bayan ka dawo daga kasuwa, shi ne ainihin abin da nake nufi. A cikin gari, inda ba ka wuce gudun 40 ko 50, tayar tana iya jurewa. Amma ka wuce Boɗinga ka miƙe hanyar Shagari da gudun 100, da mutum biyar da kaya, a kan kwalta da tsakar rana, to abin da ya rage mata na ƙarfi ba ka san iyakarsa ba. Kuma fashewar tayar baya ba abin rainawa ba ce, domin bayan motar ne yake kwacewa, sitiyari ba ya jin maganarka.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi: ramin da yau yake cin kwana huɗu kafin ya zubar da iska, ba shi da alƙawari da kai cewa haka zai ci gaba. Idan ƙusa ce, tana motsi a cikin ramin duk lokacin da tayar ta taka ƙasa, kuma ranar da ta fita, abin da yake ɗaukar kwana huɗu zai faru a cikin minti biyar.

Game da gano wurin, waɗanda suka duba maka ba su yi aikin yadda ya kamata ba. Ba a neman ƙaramin yoyo taya tana jikin mota. A kwance ta gaba ɗaya, a buga mata iska ta ɗan haura yadda ka saba, sannan a tsoma ta cikin ruwa. A da kusan kowane mai faci yana da rabin duro ko tsohon baho da ya cika da ruwa domin wannan aiki. Ana tsoma wani sashe, a jira ruwan ya natsu, a zuba ido, sannan a juya zuwa sashe na gaba. Ƙaramin yoyo ba ya tafasa ruwa, ɗan ƙwayar kumfa ɗaya ce kamar ƙwayar gero za ka ga ta fito, ta tsaya, ta tashi sama, sai bayan wani lokaci wata ta biyo ta. Mai gaggawa ba zai taɓa ganinta ba. Idan babu baho, a dama garin sabulu da ruwa a kwantar da tayar a ƙasa, a zuba a duk zagayen inda roba ta haɗu da rim, a jira, a juya ɗaya fuskar a sake zubawa. Ka tsaya a kansa da kanka, kada ka tafi shan inuwa ka bar yaron shago da aikin.

Wani abu kuma, tunda kana zuwa ƙauye. Idan kana sauka daga kwalta kana ajiye mota a ƙarƙashin itace, ka sani ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna shiga tsohuwar taya su karye a ciki, ba kai ba gindi, ido ba ya ganinsu sai an cire tayar daga rim an shafa cikinta da tsumma, inda tsumman ya maƙale nan take. Na sha ganin haka a hanyar Illela da ta Wurno.

Kafin ka gyara, ka duba safaya ma. Mutane da yawa sai ranar da suka buƙace ta suke gane cewa ita ma a sace take.

Mai gyaran taya, hanyar Gusau

Malam, Baba direba ya faɗi gaskiya, kuma ni da nake wannan sana'a ba zan kare wanda ya duba taya da yawu kaɗai ya sallami mutum ba. Tofa yawu a bakin bawul yana nuna abu ɗaya ne kawai, wato ko 'yar allurar da ke cikin bawul ɗin tana yoyo. Ba ya nuna komai game da gindin bawul, inda robarsa ta ratsa ramin rim, kuma a nan Sakkwato wannan gindin yana cikin wuraren da na fi samun matsala, saboda rana tana busar da robar ta tsattsage. Hanyar gwada shi ita ce a zuba ruwan sabulu a gindin, sannan a tanƙwara bawul ɗin da yatsa hagu da dama. Sau da yawa yana tsaye ba ya fitar da komai, amma da an tanƙwara shi sai kumfa ta taso. To haka yake tanƙwaruwa da kansa idan mota tana gudu. Sabon bawul ba shi da tsada, kuma ni a ra'ayina duk wanda zai sa sabuwar taya ya sa sabon bawul tare da ita.

Amma yadda ka bayyana lamarin, mutum biyu sun duba ba su ga ƙusa ba, zuciyata ta fi karkata ga bakin rim. Tayar da ba ta da tif ba abin da ke riƙe mata iska sai mannewar leɓenta da bakin rim, zagaye biyu, na waje da na ciki. Idan rim na ƙarfe ne, tsatsa takan ci wurin. Idan na alminiyam ne, yakan yi wani farin gari kamar kanwa ya ɗaga fentin, sai iska ta sami hanya ta ƙarƙashi. Ko kuma ka faɗa rami da ƙarfi bakin rim ya ɗan lotsa, kuma galibi ta fuskar ciki yake lotsawa, inda ba mai gani sai an kwance. Har yashi ma yakan shiga tsakani idan an taɓa tafiya da tayar a sace a kan turɓaya. Ka tuna ko ka daki wani rami ko tudun rage gudu kafin matsalar ta fara. Maganin wannan shi ne a cire tayar daga rim, a goge bakin da burushin waya da takardar yashi har ya yi sumul, a wanke leɓen tayar, a shafa man liƙi na bakin taya, a mayar. Rim na ƙarfe da ya lotsa kaɗan ana iya buga shi ya koma. Na alminiyam kuwa ba a dukansa da guduma a bakin titi, domin tsagewa yake yi, kuma wanda ya riga ya tsage sai dai a canza.

Idan kuma aka tarar ƙusa ce ko ƙaya, to wurin da take shi ne zai yanke hukunci. Idan a tafin tayar take, inda zane yake yana taka ƙasa, kuma faɗin ramin bai wuce milimita 6 ba, ana gyarawa tayar ta ci gaba da aiki. Idan a gefe take, ko a kafaɗa inda tafi ya fara lanƙwasa zuwa gefe, to masu ƙera taya da kansu sun ce ba a gyara wannan. Na san a nan garin ana yi, ana ɗora babban faci a gasa shi da wuta, kuma na san dalilin da ya sa mutane ke roƙo a yi musu, domin kuɗin sabuwar taya yanzu ba wasa ba ne. Amma gefen taya shi ne wurin da ya fi ko'ina motsi, kuma zaren da ke cikinsa idan ya tsinke faci ba ya mayar da shi. Wanda ya ga kumburi kamar ƙwai a gefen tayarsa, shi ma zaren ne ya tsinke, ba ta da gyara.

A kan irin gyaran kuma, akwai wannan roba mai danƙo kamar igiya da muke cusawa daga waje da wani ƙarfe mai kama da basilla, ba tare da an cire taya ba. Tana da sauri, kuma tana fitar da mutum daga daji. Amma gyara na ƙwarai shi ne a buɗe tayar, a toshe ramin, a kuma liƙa faci daga ciki. Amfanin buɗewa ba facin kaɗai ba ne, har da ganin abin da ke ciki. Kai da ka yi tafiya da buhu biyu a kan tayar da ta sauka sosai, ka sa a nuna maka cikinta. Idan aka ga baƙin garin roba ya taru a ciki kamar garin gawayi, ko aka ga wani zobe ya zagaye gefenta inda robar ta goge ko ta yamutse, to ta ci kanta daga ciki, ko an toshe yoyon ba abin dogaro ba ce.

Batun tif kuwa, ban ba ka shawara ba. Cikin tayar da ba ta da tif ba sumul yake ba, yana da 'yan layuka da ke gogar tif ɗin, gogayya kuma tana kawo zafi. Sannan babbar fa'idar irin wannan taya ita ce idan ƙusa ta shige ta, robar tana kama ƙusar iska ta riƙa fita sannu a hankali, kamar dai yadda taka take yi yanzu har ka sami damar zuwa ka yi tambaya. Da tif ne a ciki, ƙusa ɗaya za ta huda shi iskar ta tsere ta ramin bawul a lokaci guda. Sa tif rufe ciwo ne ba a wanke shi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla

Malam, irin wannan ta taɓa faruwa da ni, kuma nawa bawul ne kamar yadda mai gyara ya faɗa. Abin da nake so in ƙara shi ne ka sayi geji naka na kanka ka ajiye a mota, domin na lura gejin masu faci ba sa haɗuwa a kan lamba ɗaya. Na taɓa sa iska a wani wuri aka ce mini 35, da na isa gida na gwada da nawa sai na ga ta haura 45. Tun daga ranar nake gwadawa da kaina duk safiyar Juma'a kafin in tayar da mota. Na kuma sayi ƙaramin famfon nan da ake jonawa a wurin cajin mota, saboda ina yin aikin dare kuma ba na son in fito da asuba in tarar da taya a ƙasa babu mai faci a buɗe. Ba gyara ba ne, amma yana kai mutum inda za a gyara. Wanda ban ji daɗinsa ba shi ne ruwan nan na gwangwani da ake fesawa cikin taya ta bawul don ya toshe rami. Na yi amfani da shi sau ɗaya, da aka zo buɗe tayar sai da mai faci ya daɗe yana kankare shi kafin faci ya kama.

Malamin koyar da kanikanci, Gawon Nama

Ina so in tsaya a kan maganar zafi da mai faci na biyu ya yi wa Malam, domin akwai gaskiya kaɗan a kusa da ita, kuma akwai kuskure babba da ya yaɗu a garin nan saboda ita.

Kowace taya, ko sabuwa ce fil, tana rage iska ta jikin robar kanta, kimanin PSI 1 zuwa 2 a wata (PSI shi ne ma'aunin iska da geji yake nunawa). Haka kuma awon iska yana hawa da sauka da yanayi, kusan PSI 1 a duk canjin digiri 5 ko 6 na ma'aunin Salshiyos. Saboda haka wanda ya buga iska da la'asar ana zafi, ya wayi gari da sanyin hunturu, zai ga geji ya sauka kaɗan a tayoyin duka, kuma wannan ba yoyo ba ne. Amma zafi ɗaga awon yake yi, ba saukar da shi ba, kuma ba ya zaɓar taya ɗaya ya bar uku. Faɗuwa daga 32 zuwa 24 a kwana huɗu rami ne, ko a roba, ko a bawul, ko a rim. Malam ya yi daidai da bai karɓi wannan bayani ba.

Kuskuren da nake nufi shi ne al'adar rage iska idan bazara ta shigo. Da watan Maris ya kama, zafi ya fara haura digiri 40, sai ka ji direba yana cewa a rage masa iska kada taya ta fashe. Wasu ma sukan tsaya a tsakiyar tafiya su gwada, su ga ta hau, su saki iska. Wannan hawan na ɗan lokaci ne, kuma masu ƙera taya sun riga sun yi lissafinsa. Wanda ya saki iska daga taya mai zafi, idan ta huce zai tarar tana ƙasa da ƙa'ida, sai ya faɗa cikin ainihin haɗarin da Baba direba ya bayyana. Shi ya sa ake auna taya tana sanyi, wato da safe kafin a fita, ko bayan mota ta yi awa uku a tsaye.

Adadin da ya dace kuma ba a jikin taya yake ba. Lambar da ke rubuce a gefen taya, 44 ko 51, ita ce iyakar abin da tayar za ta ɗauka, kuma daga nan wasu masu faci suke ɗauko lambar da Hajiya ma'aikaciyar jinya ta gani a gejinta. Adadin motarka yana kan wata 'yar takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, za ka gan ta idan ka buɗe ƙofar. Iska fiye da ƙima tana cinye tsakiyar tafin taya, ƙarancinta kuma yana cinye kafaɗu biyu yana ƙara shan mai.

Sai shekarun tayar, tunda a hannun wani ka sayi motar. A gefenta akwai layin da ya fara da haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2319, to mako na 23 ne na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana jan hankalin direbobi cewa shekara huɗu ne wa'adin taya, manyan kamfanonin taya irin su Michelin kuma suna cewa bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta bai ƙare ba. A ƙasa irin tamu, inda mota take wuni a rana, ni na fi karkata ga ƙaramin adadin. Tun da masana'antun taya na Michelin da Dunlop suka daina aiki a Najeriya wajen 2007 da 2008, kusan duk abin da muke sawa daga waje yake zuwa, kuma da yawa daga ciki 'yan gwanjo ne da suka gama rayuwarsu a wata ƙasa. Tsohuwar roba tana yin ƙananan tsaga a gefe da tsakanin zane, kuma ta nan ma iska takan sulale. Zurfin zane kuma idan ya sauka zuwa milimita 1.6, ta ƙare.

Ƙarin abu ɗaya ga masu motocin da aka shigo da su daga Amurka: waɗanda aka ƙera daga ƙarshen 2007 zuwa yau suna da na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A yawancinsu na'urar tana manne da gindin bawul daga ciki, don haka a gaya wa mai faci kafin ya sa ƙarfe ya ɓamɓare tayar, kada ya fasa ta.

Malamin firamare, Mabera

Assalamu alaikum. Na dawo in ba da bayanin yadda aka ƙare, domin wanda ya ba da shawara yana da haƙƙin ya ji sakamako. Ranar Asabar da safe na je wurin wani mai faci da ke da baho, na ce a kwance tayar a tsoma ta, na tsaya a kai kamar yadda Baba ya ce. Tafin tayar lafiya lau, bawul ma lafiya ko da aka tanƙwara shi. Fuskar waje ta rim ba a ga komai ba. Sai da aka juya fuskar ciki, muka durƙusa muna kallo har na fara fid da rai, sannan yaron shagon ya nuna wani wuri da yatsa. Kumfa ce 'yar mitsitsiya take fitowa daga tsakanin leɓen taya da rim, ɗaya bayan ɗaya, a wuri ɗaya da bai kai faɗin yatsa biyu ba. Da aka cire tayar sai ga bakin rim ɗin ya ɗan lotsa, tsatsa kuma ta kama wurin. A nan na tuna da wani rami da na daka da dare ina dawowa daga Tambuwal, makonni kaɗan kafin abin ya fara. Rim ɗin na ƙarfe ne, don haka aka buga shi ya koma, aka goge tsatsar, aka shafa man liƙi, na kuma ce a sa sabon bawul tunda an riga an buɗe.

Na sa an nuna mini cikin tayar. Babu garin roba kuma babu zobe a gefe, alhamdu lillahi. Amma lambar da ke jikinta 1418 ce, wato tun 2018 aka yi ta, kuma da na duba da kyau akwai ƙananan tsaga a tsakanin zanenta. Ta hagu ma shekararsu ɗaya. Na yanke shawarar in canza na baya biyun idan albashi ya shigo, kuma na kira mahaifiyata na gaya mata wannan watan a motar haya zan zo ni kaɗai. Takardar jikin ƙofa ta nuna 30 gaba da baya, ba 32 da na saba sawa ba. Na sayi geji kamar yadda Hajiya ta ce, kuma yau kwana tara ke nan ina aunawa kowace safiya kafin in fita, tana nan a 30. Safayar ce na tarar a 18, ita ma an cika ta.